Zuwa Fadar Sarkin Bauchi Ranar Hawa: Da Motar Gida Ko Ta Haya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Gombe ne. Mahaifiyata haifaffiyar Bauchi ce, ta daɗe tana marmarin ta sake jin kakaki da tambari a ƙofar fada. Shi ne nake so in kai ta hawan daushe bana, tare da yarana biyu. In tafi da motata, ko mu shiga ta haya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Tunda akwai dattijuwa da yara, tafi da motarka. Sai dai ka sa a ranka cewa ba ita za ta kai ku ƙofar fada ba.

Hanyar ba ta da ruɗani. Daga Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne, ka bi ta Alkaleri, ka haye gadar Dindima inda hanyar Yankari ta rabu, ka shigo gari ta wajen Inkil. Ka ware awa biyu zuwa uku, saboda shingayen jami'an tsaro da manyan motoci. Ku fito da hantsi, kada ku bari rana ta take.

Inda baƙi ke shan wahala shi ne cikin gari. Fadar tana tsakiyar tsohon birnin da Malam Yakubu, mai tutar Shehu Usmanu, ya kafa a 1809, ya zagaye shi da ganuwa. Unguwannin nan an tsara su ne don mai ƙafa da mai doki. Ranar hawa kuwa dawakan hakimai daga ko'ina cikin masarauta suna cika titunan da ke kaiwa ƙofar fada da Babban Masallaci, jami'ai kuma su tare hanya. Wanda ya kutsa da mota yakan maƙale, ba gaba ba baya, yara na kuka, ga dawakai na gogar jikin mota. Na sha ganin haka, kuma ba na so Hajiya ta yi doguwar tafiya ta ƙare da jin kakaki daga nesa ta tagar mota.

Don haka ka ajiye motar a bakin tsohon gari, wajen Wunti ko Ƙofar Ran. Gidan ɗan'uwa ya fi, tunda Hajiya ba za ta rasa dangi a nan ba. Daga can ku ɗauki Keke Napep shata, kada ku shiga ta haɗaka. Ku yi ciniki kafin ku hau, don kuɗi na tashi lokacin Sallah. Mai keken zai kai ku iyakar inda aka tare, sauran ku taka a hankali. Kada ka ɗora Hajiya a acaɓa cikin wannan cunkoso.

Ka saurari sanarwar fada a rediyo don sanin lokaci, ku isa aƙalla awa biyu kafin a fara, ku sami inuwa. Ku riƙe ruwa da 'yar kujera ko tabarma. Yara kuma hannunsu cikin naka, musamman lokacin jahi, sa'ad da mahaya ke sukuwa su ja linzami a gaban Mai Martaba Sarki Rilwanu Sulaiman Adamu. Ƙarar bindigogin gargajiya ma takan firgita ƙananan yara.

In motar ba ta da ƙoshin lafiya, Gombe Line da Yankari Express suna zirga-zirga a wannan hanya, akwai kuma ƙananan motocin tasha. Da kun sauka, keke za ku nema.

Batun komawa: kada ka hau hanyar Alkaleri da dare bayan gajiyar wuni guda. Ku kwana. Da safe ka kai yaran kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke kan titin Ran, su ga kayan tarihinsa da aka adana, sannan ku kama hanya.