Ɗana Yana da Hadda, Amma Karatun Boko Ya Gagare Shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ɗan shekara tara ne, ya maimaita ajin CE1, wato aji uku na firamare, a nan Maradi. A makarantar allo hadda ba ta ba shi wuya, amma a boko yana rikita b da d, yana tsallake kalmomi, har ana ce masa daƙiƙi. Yanzu ko ganin littafi ba ya so. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika bayyana ya yi kama da disleksiya, sunan da wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya ƙirƙiro a ƙarni na 19. Ba ciwon ido ba ce, ba kuma ƙarancin basira ba. Wahala ce ta rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa, kuma takan bi dangi. Shi ya sa yaronki yake riƙe abin da kunnensa ya ji, alhali abin da aka rubuta yana kufce masa. Duk da haka, a fara kai shi asibiti a duba idonsa da jinsa, domin a kawar da shakka.

Ki lura da nauyin da ke kansa. Yana koyon karatu ne cikin Faransanci, harshen da ba shi ake yi a gida ba, wanda kuma rubutunsa bai bin furuci sau da ƙafa: sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ko au, ko eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Rubutun Hausa kuwa, kusan yadda aka faɗa haka ake rubutawa. Saboda haka nake ganin a gida ki fara da Hausa, da gajerun kalmomi irin su ba-ba, da-wa, ge-ro, kuna tafa hannu a kowace gaɓa, yana zana harafin da yatsa a cikin rairayi yana furta sautinsa da ƙarfi. A jinkirta ɓ da ɗ har sai b da d sun zauna. Minti goma a kullum ya fi awa guda a mako, kuma a tashi tun bai gaji ba.

Amma son littafi wani abu ne daban, kuma shi ne ya fi damuna, tunda yaron da aka kunyata a gaban aji littafin yake ɗora wa laifi. Da dare ki karanta masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, yatsanki yana bin layin, ba tare da kin nemi ya karanta komai ba. Idan ya saba, ku riƙa karɓa-karɓa, ke layi uku, shi ɗaya, in ya cije a kalma ki faɗa masa nan take kada zaren labarin ya tsinke. Ki kuma sa ya ba ki nasa labarin ki rubuta, domin yaro ya fi saurin gane kalmomin da suka fito daga bakinsa.

Sai ki samu malaminsa cikin mutunci ki roƙi abu biyu: a daina tsayar da shi ya yi karatu a bainar ƴan aji ba shiri, a kuma riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki. Bulala kuwa a ajiye ta gaba ɗaya, a gida da makaranta.