Amsa: me ya sa ake yawan maganar Plushenko?

Ɗan uwa ka tambaya me ya sa ake ta ambaton Plushenko, ɗan wasan Rasha, a wasan zamiya kan ƙanƙara, to wallahi mutumin ya sha wuya. Yana shekara 11 aka rufe filin atisayensu a Volgograd, ya koma St Petersburg gun koci Alexei Mishin. Azurfa a Olamfik 2002, zinare a Turin 2006, a 2010 kuma azurfa duk da ya yi tsallen nan mai juyi huɗu a iska wanda Lysacek, ɗan Amurkan da ya ci zinaren, bai yi ba, ni dai har yau abin na min ciwo. A Olamfik ɗin Sochi 2014 bayan tiyatar baya ya taya Rasha cin zinaren ƙungiya, ranar gasar maza kuma yana cikin ɗumama jiki sai ya dafe bayansa, ya je gun alƙalin wasa ya janye.