Ga mai shirin karatu a Ailan: abin da tsuke bakin aljihu ya bari

Assalamu alaikum ƙanena. Ka tambaya ko matsin tattalin arzikin da aka yi a Ailan ya wuce, tunda labarin da ke iso muku yanzu na manyan kamfanonin fasaha ne da albashi mai tsoka. A hukumance ya wuce, domin ƙasar ta fita daga shirin ceto, wato bashin da aka ba ta don ceto tattalin arzikinta, a watan Disamba na 2013, amma tabonsa zai tarbe ka tun ranar da ka fara neman ɗaki.

Asalin abin shi ne, bankuna sun zuba bashi a harkar gine-gine, da kasuwar ta rushe a 2008 sai gwamnati ta tsaya musu, bashin ya koma wuyan talaka. A Nuwamba 2010 aka amince da shirin ceto na yuro biliyan 85 da Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, bisa sharaɗin rage kashe kuɗi. An zaftare albashin ma'aikatan gwamnati, an dakatar da ɗaukar sababbi, an ƙirƙiro wani ƙarin haraji a kan kuɗin shiga mai suna USC a 2011, wanda har yau ake cirewa daga albashi. Rashin aikin yi ya kai kusan kashi 15 cikin ɗari, matasa kuwa suka riƙa ficewa zuwa Ostireliya da Kanada da Birtaniya, har wasu ƙauyuka suka kasa haɗa ƙungiyar wasa. Jama'a sun huce haushinsu a zaɓen 2011, inda jam'iyyar Fianna Fáil mai mulki ta tsira da kujeru 20 kacal, sannan suka cika tituna a 2014 a kan kuɗin ruwan famfo har aka janye shi.

Ɓarnar da ta fi shafar ka ita ce ta gidaje. A 2006 an gina gidaje kusan 90,000, bayan 'yan shekaru adadin ya faɗi ƙasa da 10,000 a shekara, ƙananan hukumomi suka kusan daina gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi, magina da dama suka bar ƙasar. Da arziki ya farfaɗo mutane suka ƙaru, sai aka tarar babu inda za a sa su. A 2019 waɗanda ke kwana a masaukin gaggawa suka haura 10,000, adadin ya ɗan sauka a lokacin korona, sannan ya sake hawa har ya zarce haka. A ganina wannan ne kuskure mafi girma na lokacin, domin albashi ana iya mayar da shi cikin kasafi guda, amma gidan da ba a gina ba sai an shekara da shekaru ana biyan bashinsa. Shi ya sa za ka ga ɗan ƙasa mai shekara talatin, da aikinsa, yana zaune gidan iyayensa, kuma wasu 'yan tsiraru na ɗora laifin a kan baƙi irinmu, alhali matsalar ta riga mu zuwa.

Saboda haka ka yi lissafinka da kuɗin haya kafin komai. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarje maka aiki a mako lokacin karatu, 40 a lokacin hutu, kuma a Dublin haya kaɗai na iya cinye mafi yawan abin da za ka samu. Ka nemi ɗakin jami'a da zarar takardar gurbinka ta fito, ka duba makarantun Limerick ko Waterford inda hayar ke da ɗan sauƙi, kuma kada ka tura wa kowa kuɗin kama ɗaki ta intanet kafin wani amintacce ya je ya gan shi da idonsa.