Ajiye simintin nan, ɗana

Jiya a wurin aiki ka tambaye ni me ya hana mu sassaƙa wa tsohon gicciyen dutse na harabar cocin nan sabon kai, mu cike tsagarsa da siminti mu huta. To saurara.

Dubi yadda aka kafa shi. Matakala a ƙasa, sai dutse mai rami kamar turmi, sai ginshiƙin ya zauna a ciki kamar taɓarya. Kan ne ya tafi. Ba iska ce ta ɗauke shi ba, mutane ne. A rikicin addini na ƙarni na 16 a Ingila an farfasa irin waɗannan gicciye da yawa, a 1643 kuma Majalisar Ingila ta ba da umarnin rushe irinsu. Hukumar Historic England, mai kula da wuraren tarihi na Ingila, ta ƙiyasta cewa a da sun haura 12,000, yanzu ba su kai 2,000 ba. A ƙauyen Ampney Crucis wani ya ɓoye kan gicciyensu cikin bangon coci, sai a ƙarni na 19 aka gano shi aka mayar. Namu bai yi wannan sa'ar ba. In mun ƙirƙiro masa kai daga tunaninmu, ƙarya muka sassaƙa. Ga kuma doka: wannan yana cikin waɗanda dokar kare wuraren tarihi ta 1979 ta kare, ko guduma ba ka ɗaga masa sai da takardar izini.

Maganar siminti kuwa, nan ne nake so ka buɗe kunne. Siminti ya fi wannan dutse ƙarfi, kuma ba ya barin ruwa ya fita. Ruwa ya shiga ya maƙale, sanyin hunturu ya daskarar da shi, sai fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa, simintin na nan daram. Kwaɓin farar ƙasa da yashi shi ke barin dutse ya yi numfashi, in lalacewa ta zo shi zai fara mutuwa, mu sabunta shi.

Sa yatsanka a tsagar, ka ga jan da ya fito? Tsatsa ce. Wani magini can baya ya haɗa guntayen da ƙarfe, ƙarfen ya kumbura ya tsaga dutsen daga ciki. Shi za mu zare a hankali, mu sa wanda ba ya tsatsa.

Burushin waya ma bar shi a mota. Gobe ka zo da mai laushi da kyamara, kafin mu taɓa komai sai ka ɗauki hoton kowane gefe.