Nonon kurciya da ke fitowa a bakin kwata: maganin asma ne?

Tambaya: Ina zaune a Agege. Maƙwabciyata Bayarabiya ta nuna min wata ciyawa a gindin katangarmu, ta ce emile suke kiranta, wai in dafa wa ɗana mai asma. Ni dai ta yi min kama da nonon kurciya. Ita ce kuwa, kuma tana magani?

Amsa: Hajiya, idonki bai yaudare ki ba. Sunanta na kimiyya Euphorbia hirta, 'yar dangi ɗaya da rogo da zurma da bini-da-zugu. Asalinta yankunan zafi na nahiyar Amurka. Ba ta wuce shekara: ta tsiro, ta zuba iri, ta mutu. A Arewa sai da damina, amma damshin Legas ya sa kusan kullum tana nan.

Ki duba karan, za ki ga jaja-jaja ne da gashi. Ganyen bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, gefensu da 'yan haƙora, furen kuma dunƙule yake a hammatar ganye. In kin karya, farin ruwa kamar madara zai ɗigo, nan ta samo sunanta. Sai dai Bahaushe na kiran wasu 'yan uwanta da wannan suna, don haka a lura da gashin.

Masu maganin gargajiya sun daɗe suna dafa ta don tari da fuka da atuni, ana ba mai jego don ruwan nono, ana shafa madarar a makero. A ganina ƙarfinta ya fi a ciki: tana da tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwar majema, shi ke taimakawa wajen tsayar da gudawa. Ko a nan ma ruwan gishiri da sukari ne gaba.

Asma kuwa, kada ki ajiye masa abin shaƙarsa saboda ciyawa. Numfashi in ya sarƙe ba ya jiran tukunya ta tafasa. Kuma in an sha da yawa tana sa amai, madarar na ƙona ido, mai ciki ma ta nisance ta.

Abin da ya fi damuna wurin da ta tsiro. Wadda ta sha ruwan kwata da baƙin man janareta da hayaƙin motocin haya na danfo, wanki ba ya fitar da abin da ta zuƙa ta saiwa. Wannan ta gindin katangar, ki tuge ta ki zubar.