Tambaya da Amsa: Gangar wiski da aka ce in saya a Skotlan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, nan Damagaram, ina sayen wake da gyaɗa da kaka in ajiye har su yi kuɗi. Ɗan ƙanena da ke aiki a Birtaniya ya ce wani kamfani yana sayar da gangunan wiski, mutum ya sayi guda, a ajiye masa shekara 10, sannan a sayar da riba. Ya ce tun da ba zan gan ta ba balle in sha, babu laifi. Yaya lamarin yake? Daga mai karatu, unguwar Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na ji daɗi da ka tambaya kafin kuɗi su bar hannunka, kuma zan fara da yadda harkar take, domin ka san abin da ake yi maka talla.

Dokar Birtaniya ta shekarar 2009 ba ta yarda a kira giya da sunan wiskin Skotlan ba sai ta yi aƙalla shekara 3 a cikin gangar katakon wani itace da Turawa ke kira ok, a ƙasar Skotlan da ke arewacin Birtaniya, kuma gangar kada ta wuce lita 700. Wadda aka fi sayar wa masu zuba jari tana cin lita 200 zuwa 250. Ana ɗura ta fara tas kamar ruwa, katakon ne yake ba ta launi da ƙamshi a hankali, shi ya sa tsufa yake ƙara mata daraja. Ana ajiye gangunan a magaza da ke ƙarƙashin kulawar hukumar haraji da duwan, irin yadda kayan taranzit suke zama a hannun ƴan duwan a nan ƙasarmu: muddin kaya suna ciki ba a karɓar haraji, ranar da suka fito kasuwa kuwa sai an biya.

A nan ne lissafin ya rabu da na wakenka. Buhun da ka ajiye da kaka, idan ka kare shi daga ƙwari, buhu ne za ka tarar da bazara. Ganga kuwa tana tsatsafowa kamar sabuwar randa, kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ciki yana bin iska kowace shekara, wanda masu sana'ar suke kira rabon mala'iku. A shekara 10 kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Ƙarfin giyar ma, wato yawan tsantsar barasar da ke cikinta, yana raguwa, kuma idan ya sauka ƙasa da kashi 40 cikin 100, doka ta cire mata sunan wiski, darajarta ta faɗi warwas. Duk tsawon wannan lokaci mai ganga ne yake biyan kuɗin ajiya da na inshora, da na awon da ake yi mata jefi-jefi. In an zo ɗurawa a kwalabe don sayarwa a Birtaniya, harajin ya haura fam 30 a kan kowace lita ta tsantsar barasa, ga harajin ciniki na kashi 20 cikin 100 a bisansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, mai saye daga nesa takarda kawai yake riƙe da ita. Shaidar da kamfani ya buga da kansa, komai kyan hatiminta, ba ta tabbatar da mallaka sai mai magaza ya rubuta gangar da sunanka da lambarta a littafinsa. Hukumar da ke sa ido kan harkokin zuba jari a Birtaniya ba ta kula da wannan kasuwa, kuma a shekarar 2025 binciken BBC ya nuna mutanen da aka sayar wa gangunan da babu su, da waɗanda aka sayar wa ganga guda su da yawa. Idan mazauna can sun faɗa wannan rami, ina ga wanda yake Damagaram, ba shi da hanyar zuwa ya ɗora hannu a kan kayansa?

Sai maganar ɗanka cewa babu laifi tun da ba za ka sha ba. Na san alheri yake nufinka da shi, amma ya yi kuskure. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta umarce mu da nisantar giya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa Allah da Manzonsa sun haramta cinikinta, kuma a hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma a kanta, cikinsu har da mai sayarwa, da mai saye, da mai cin kuɗinta. Wanda ya mallaki ganga ya jira ta tsufa ya sayar, ya shiga ukun nan gaba ɗaya, ko da teku ce tsakaninsa da ita.

Shawarata, Alhaji, kada ka aika ko dala. Ka kira yaron ka yi masa bayani cikin lalama, ka kuma tambaye shi ko shi ya riga ya saka nasa kuɗin. In ya saka, ya je wurin malami amintacce ya ji yadda zai fita daga ciki.