Ina Azumin Rage Ƙiba, Amma Da Na Fara Ci Ba Na Iya Tsayawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Zariya, 'ya'yana huɗu. Wata ƙawata ta koya mini azumin rage ƙiba na awa 16, ba na cin komai daga goman dare sai biyun rana in na dawo daga makaranta. To da na shigo gida tun ban cire hijabi ba nake buɗe tukunya. In ci shinkafa, in aika a sayo awara, in kora da lemo, da dare kuma in ci tuwo har da ƙari. Mako na uku ke nan, sikeli bai motsa ba, kullum cikina a ƙulle, ga jin haushin kaina. Rashin haƙuri ne ke damuna?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Matar da ta wuni tsaye gaban allo da cikin da babu komai, tana fama da yara sittin, ba za a ce ba ta da haƙuri ba. Tsarin ne kika ɗauko da nauyi, kuma kika ɗora shi a lokacin da bai dace da aikinki ba.

Akwai wani sinadari mai suna girelin da tumbi ke fitarwa, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa yunwa ta zo, kuma yana tashi ne daidai lokutan da mutum ya saba cin abinci. Shekara da shekaru kina karyawa da safe, rana ɗaya kika yanke. Jikinki bai san kin canza shawara ba, yana ta kira tun bakwai, zuwa biyun rana kiran ya zama ihu. Wani bita da aka buga a mujallar likitoci ta New England a 2019 ya ce yunwa da saurin fushin farkon nan sukan lafa cikin wata guda. Amma ba lallai sai kin sha wannan wuyar ba.

Ki koma awa 12 tukuna: ki rufe baki takwas na dare, ki karya takwas na safe. In kin yi mako guda haka ba ki rama da rana ba, ki ƙara awa ɗaya, har ki kai 14. In kin tsaya a nan ma ya isa. Abin da na fi so ki yi shi ne ki jawo lokacin cin naki gaba. Ki ci wani abu a makaranta lokacin da yara suka fita tara, ki kuma gama tuwon dare kafin Isha. Tsarinki na yanzu ya bar ki da yunwa a sa'o'in da kike aiki, ya sake miki baki a sa'o'in da kike zaune kusa da kicin.

Sai abin da kike fara sa wa a baki, nan ne na fi son ki ba ni hankalinki. Farar shinkafa da lemon kwalba a kan cikin da ya wuni wayam suna ɗaga sukarin jini da sauri, ba sa kuma riƙe ciki, shi ya sa kafin La'asar kin aika sayen awara. Tun da dare ki tanadi abin da za ki fara ci in kin dawo gida, ki sa a ƙaramin kwano mai murfi: dafaffen ƙwai biyu, ko alale, ko kwaɗon zogale da ƙuli. Kindirmo ba sukari da ɗan cin gyaɗa ma ya yi. Ki sha ruwa, ki ci wannan a zaune, sannan ki tashi ki yi alwala ki yi Azahar. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa, sallar nan ta ba shi lokaci. Bayan nan ki zuba abincinki a faranti sau ɗaya, wake da ganye su fi shinkafar yawa, ki rufe tukunya ki bar kicin. Ci daga tukunya a tsaye ba ya bari mutum ya san iyakar abin da ya ci. Mun san wannan a watan Ramadan: wanda ya yi dabino da ruwa ya tafi Magariba ba ya cin abin da wanda ya zauna kan ƙosai da kunu da soyayyen dankali yake ci. Wannan azumin kuma ba na ibada ba ne, an yarda ki sha ruwa da shayi ba sukari, don haka kada ki bar gorarki a gida.

Batun sikeli kuwa, gaskiya zan gaya miki, agogo ba ya ƙona kitse. A 2022 an buga wani bincike da aka yi a birnin Guanzu na ƙasar Sin kan mutum 139 na tsawon shekara guda. Duka an rage musu yawan abinci, rabinsu kuma aka ce su ci tsakanin takwas na safe da huɗun yamma kawai. Ba a sami wani bambancin a zo a gani ba a nauyin da suka zubar. Amfanin ƙayyade sa'o'i shi ne ya taimaka miki ki rage ci. In abinci uku kike haɗawa cikin awa takwas, ba abin da ya ragu.

Ranar da kika zarce, kada ki ce gobe za ki yi awa 20 don ki biya. Wannan ramuwar ce ke haifar da wani zarin washegari. Ki duba barcinki ma, domin ƙarancinsa yana ƙara girelin ɗin nan.

Ba ki ce mini ko kina shayarwa ba. In kina shayarwa, ko kina da juna biyu, ki ajiye wannan azumin. In kina da gyambon ciki, ko ciwon suga kina kan allurar insulin ko ƙwayoyin sauke sukari, sai da shawarar likitanki. Haka nan in cin ya kai kina ɓuya ki yi shi, kina jin ba ki da iko da hannunki, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, wannan lalura ce da ake magani a asibiti, kuma azumi ƙara ta yake yi. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji yadda awa 12 ɗin ta karɓe ki.